Sa-kai a takarda, tilas a ƙauye: Gombe da tsarin ɗaukar soja daga 1919 zuwa 1939

A shekarar 1919 Sarkin Gombe Umaru ya kwashe fadarsa daga Nafada, a bakin kogin Gongola, ya gangara kudu zuwa Doma, wurin da ya zama birnin Gombe na yau. A cikin shekarar nan dai, ranar 30 ga Yuli, gwamnatin Faransa ta fitar da dokar da ta wajabta aikin soja na shekara uku a kan samarin ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, ko ana yaƙi ko ba a yi. Wanda ya dubi al'amuran nan biyu sama-sama ba zai ga abin da ya haɗa su ba. Amma matsala guda ce kowannensu yake ƙoƙarin warwarewa: ta yaya Turawa 'yan ƙalilan za su sami ƙartin da za su riƙe musu bindiga, su ɗauki kaya, su fasa hanya, a ƙasar da ba tasu ba?

Faransa ta rubuta amsarta a doka. Ingila kuwa ba ta rubuta tata ba. A takarda, duk wanda ya sa kakin soja a Najeriya tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da ƙafarsa ya kawo kansa. Sai dai a ƙarƙashin wannan ƙaramar runduna ta 'yan sa-kai akwai wata sarƙa ta umarni, daga Razdan zuwa Sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, wadda ke iya fito da mutum daga gonarsa a duk ranar da gwamnati ta buƙace shi. Tarihin Gombe yana nuna yadda aka ƙera wannan sarƙa, da kuma irin aikin da ta yi sa'ad da yaƙi ya sake ɓarkewa.

Rundunar da ta ci ƙasa

Sojan Najeriya yakan ɗauko tarihinsa daga 1863, lokacin da wani hafsan jiragen ruwa na Ingila, John Glover, ya tara wasu Hausawa a Ikko, akasarinsu bayin da suka gudo, ya ba su makamai. Amma rundunar da ta ci Arewa ita ce wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897, wato Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAFF. Ita ce ta ratsa Bauchi da Gombe a 1902 a ƙarƙashin Kanar Morland, ta karya Malam Jibrilla Gaini, wanda ya daɗe yana hana masarautar Gombe sakat daga sansaninsa na Burmi. A Burmin nan kuma, cikin ƙaramar hukumar Funakaye ta yanzu, aka yi karon ƙarshe ranar 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa, aka kuma kashe Manjo Marsh, jagoran sojan Turawa.

Abin lura shi ne waɗanda suka harba bindigogin a Burmi. Turawan da ke wurin ba su da yawa. Sauran duk baƙar fata ne, da Hausa ake ba su umarni. Mutanen ƙasar Gombe sun fara sanin soja ne a matsayin wanda ya ƙone gari ya kashe Sarkin Musulmi, kuma wannan tabo bai goge da wuri ba. Bayan Burmi Turawa suka ajiye soja a Nafada, domin nan ne jiragen ruwa ke iya kaiwa da damina idan Gongola ta cika, daga nan kuma 'yan dako su ɗauki kaya a ka zuwa Barno. A 1913 aka sa Sarki ya baro Gwambe Abba, tsohuwar hedikwatar da Buba Yero ya kafa, ya dawo Nafada kusa da bariki.

Ranar 1 ga Janairu 1914, da aka haɗe Arewa da Kudu, sai aka haɗe sojojinsu su ma suka zama runduna ɗaya ta Najeriya mai bataliya biyar, ɗaya daga ciki ta mahaya dawaki ce da ke Kano. Ba a yi wata takwas ba yaƙin duniya ya tashi. Rundunar ta yaƙi Jamus a Kamaru, a Garwa da Mora da sauran wurare, har zuwa Fabrairun 1916, sa'an nan aka ɗauke ta a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa Najeriya ta ba da mayaƙa kimanin 17,000, da 'yan dako sama da 35,000 waɗanda akasarinsu ba a ma rubuta su a matsayin soja ba. Wato a kan kowane mai bindiga ɗaya akwai mutum biyu masu ɗauke da kaya, kuma yawancin waɗannan ba shawararsu aka nema ba. Hakimai aka yanka wa adadi, suka cika.

Ƙaramar runduna mai araha

Da yaƙi ya ƙare aka sallami mafi yawan mutanen nan, aka mayar da rundunar ƙarama. A farkon shekarun 1920 aka rushe bataliyar dawaki. Daga nan har zuwa 1939 sojan Najeriya bai kai mutum 5,000 ba, a ƙasar da ƙidayar 1931 ta ba ta mutum kusan miliyan 20. Dalilin ƙanƙantar kuwa kuɗi ne. Ƙa'idar Ingila ita ce kowace ƙasar da take mulka ta ɗauki nauyin sojanta daga harajinta. Rundunar ba ta ƙarƙashin Ma'aikatar Yaƙi ta Landan. Ma'aikatar Ƙasashen Mulkin Mallaka ce ke kula da ita, ta hannun wani Sufeto-Janar da ke zagaya Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya yana duba bataliyoyi. A cikin gida Gwamna ne ke da iko da ita, kwamandanta kuma yana zaune a Kaduna. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, farashin gyaɗa da auduga da kuza ya faɗi, sai aka ƙara tsuke bakin aljihu.

An rarraba bataliyoyin a manyan garuruwa irin su Kaduna da Kano da Ibadan da Inugu, kowace kuma tana tura kamfanoninta zuwa ƙananan barikoki. Akwai rukunin 'yan igwa masu ƙananan igogin da ake kwancewa a ɗora wa mutane a ka, da rukunin masu aika saƙo. A 1924 aka buɗe makarantar horar da kurata a Zariya, wadda har yau ake horar da kuratan sojan ƙasa a cikinta. A 1928 Sarkin Ingila ya ƙara wa rundunar lambar girma ta sarauta, sunanta ya koma RWAFF.

Hafsoshi duka Turawa ne, aro ake yi daga rundunonin Ingila, su yi 'yan shekaru su koma. Akwai kuma Turawan saje-saje a kowane kamfani. Baƙin mutum yana iya tashi daga farabiti ya zama kofur, ya zama saje, ya kai samanja, a nan hanya ta ƙare. Chari Maigumeri, mutumin Barno, misali ne sananne: ya fara aikin soja a wurin Jamusawa a Kamaru, aka kama shi a Garwa, ya shiga rundunar Ingila, ya zama samanjan bataliya a tsakanin yaƙe-yaƙen nan biyu, ya yi yaƙin Habasha da na Bama. Sai da ya zo ritaya a 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Ba a ba ɗan Najeriya muƙamin hafsa ba sai a 1948, kuma sai a 1953 Zakariya Maimalari ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst.

Harshen aiki Hausa ne. Ana bukatar Baturen hafsa ya ci jarrabawar Hausa, kurtun da ya zo daga ƙasar Tibi ko Zuru ko Tangale kuma dole ya koye ta. Daga wannan cakuɗa ne aka sami barikanci, Hausar da aka sauƙaƙe ta aka zubar da bambancin namiji da mace. Daga nan ne kuma kalmomi irin su soja da bariki da fareti da kurtu da kofur da samanja suka zauna daram a bakin Bahaushe. Kayan fareti su ne gajeren wandon kaki, da jar dara, da jar 'yar shara mai ratsin rawaya, da jar ɗamara, tambarin kuwa bishiyar kwakwar manja. Takalmi babu, da tafin ƙafarsu suka taka ƙasar nan. Albashin farabiti kimanin sule ɗaya ne a rana. Yawanci mutum yakan sa hannu a kan shekara shida, in ya so ya sabunta. Ana barin soja ya zauna da matarsa a bariki, ita ke dafa masa abinci, abin da ya ɗauke wa gwamnati nauyin ciyarwa, matan kuma suna da shugabarsu, magajiya. Bulala tana cikin hukunce-hukuncen da aka sani, ba a soke ta ɗungurungum a rundunonin Afirka na Ingila ba sai 1946.

Aikin wannan runduna ba tsare iyaka daga wata ƙasa ba ne, duk da sunanta. Maƙwabta duka Faransa ce, ƙawar Ingila. Aikinta tsare gwamnati daga talakawanta: raka jami'i rangadi inda ake gardamar haraji, da sintiri a duwatsun da ba su gama miƙa wuya ba. A Disambar 1929, lokacin boren matan Aba da kewaye, sojojin nan ne da 'yan sanda suka buɗe wuta, mata fiye da 50 suka mutu. Dabarar ita ce a kai soja inda ba shi da dangi, ba ya jin harshen mutanen wurin.

Su wa suka shiga?

Turawa sun zo da wata fahimta daga Indiya, cewa wasu ƙabilu an halicce su da jinin yaƙi, wasu kuwa ba su da shi. A Najeriya suka ɗora wannan kambu a kan “Hausawa”, suka guji ɗan Kudu mai ilmin boko, wanda suke ganin zai cika tambaya. Sai dai Hausa a rajistar soja ba ta nufin abin da take nufi a Kano ko Katsina. Duk wanda ya zo daga Arewa yana jin harshen ana iya rubuta shi haka: Babarbare, Bazabarme, Bashuwa, Badakkare, Ba'angashe, Bachama. Da yawa ma daga ƙasar Faransa suka tsallako. Yayin da shekaru ke tafiya, masu ɗaukar kurata suka ƙara karkata ga ƙabilun tsakiyar ƙasa da na kan duwatsu, domin Turawa ba su daina tsoron Mahadiyanci ba tun daga Burmi da Satiru, ba su kuma so rundunar ta zama ta Musulmi zalla.

A cikin masarautu kuwa aikin soja ba abin alfahari ba ne. Ɗan sarauta ba ya shiga, ɗan malam ba ya shiga, ɗan attajiri ba ya shiga. Waɗanda suka fi zuwa su ne 'ya'yan bayi da 'yantattu, da wanda bashi ko haraji ya kora daga gida, da wanda ya yi rigima da dagaci, da wanda fari ko fara ta cinye masa gona. Kalmar ɗan bariki, wadda har yau ba yabo ba ce, daga wannan zamani ta samo nauyinta. Saboda rundunar ƙarama ce, 'yan ɗaruruwan kuratan da ake nema a shekara ba su da wuyar samu. Talauci kaɗai ya isa ya kawo su. Shi ya sa Ingila ta iya bugun ƙirji cewa ba ta tilasta wa kowa.

Sarƙar da aka ɗaura a Doma

A nan ne komawar Gombe zuwa Doma take da ma'ana. Gwambe Abba da Nafada duka suna arewacin ƙasar. A kudu kuwa akwai Tangale da Waja da Tula da Cham da Dadiya, mutanen da masarautar ba ta taɓa mallake su gaba ɗaya ba, waɗanda kuma sojan Turawa ya sha hawa duwatsunsu. Turawa sun haɗa su da masarautar a gunduma ɗaya ta mulki a cikin Lardin Bauchi, suna kuma son mazaunin da jami'insu zai iya kaiwa ko'ina cikin 'yan kwanaki. Doma tana tsakiya. Da aka zauna a can, sai aikin da a da sai an turo kamfanin soja ya koma hannun ma'aikatan En'e: hakimai da aka tura su zauna a gundumominsu, malaman haraji masu rubuta sunan kowane magidanci, alƙalai, dogarai, daga baya kuma 'yan doka. Baitulmali yana biyan kowa albashi daga harajin da shi kansa ya tara.

Rajistar haraji ita ce ginshiƙin abin duka. Wanda ya san yawan baligai maza a kowane ƙauye ya san adadin da zai iya nema daga cikinsa. Idan za a yi hanya, ko gidan saukar baƙi, ko za a ɗauki kayan jami'i mai rangadi, ko ana neman leburori a aikin dogo, kamar layin da ya taso daga Inugu ya iso Kaduna da reshensa na Jos a shekarun 1920, sai takarda ta fito daga ofishin Razdan. Sarki ya raba adadin a kan hakimai, hakimi ya raba a kan dagatai, dagaci ya dubi gidajen da ba su da mai tsaya musu. Talakawa suka raɗa wa abin suna ɗiban gwamna. A rahoton da za a aika Kaduna kuwa, sai a rubuta cewa hukumar gargajiya ce ta samar da ma'aikata bisa al'ada.

A 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniyar hana aikin tilas, Najeriya kuma ta yi dokarta a 1933. Dokar ta hana tilasta wa mutum aiki domin amfanin kamfani ko wani mutum, amma ta bar ƙofa a buɗe ga ɗaukar kayan gwamnati da ayyukan gari da halin gaggawa. Sarakunan Gombe na wannan zamani, Haruna daga 1922 zuwa 1935, da Abubakar wanda ya hau a 1936 ya yi shekara 48 a kan gado, sun yi mulki ne a cikin wannan tsari, kamar sauran takwarorinsu: ana auna sarki da cikar harajinsa da kuma saurin cika adadin da aka nema a wurinsa.

A ƙetaren iyaka

Bahaushen Maraɗi ko Damagaram ya san wani tsari dabam. A ƙarƙashin dokar 1919, kowace shekara kwamiti yakan zagaya gundumomi, da kumandan da hafsan soja da likita da magatakarda. Sarakuna su tara samarin da suka kai shekara ashirin, likita ya duba su, ya zubar da mafi yawa saboda rashin lafiya ko rama, sauran kuma su ja ƙuri'a. Waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa su ne kashi na farko, su tafi soja shekara uku, a kai su Maroko ko Siriya ko Faransa kanta. Kimanin mutum 12,000 ake ɗiba haka a shekara a duk faɗin Afirka ta Yamma ta Faransa, kamar yadda binciken masanin tarihi Myron Echenberg ya nuna. Ragowar su ne kashi na biyu, kuma daga 1926 aka fara tura su aikin ƙarfi, kamar gina madatsar ruwa da hanyar jirgi a ƙasar Mali ta yanzu. Kason Nijar bai kai na Mali ko Burkina Faso ba, amma aikin tilas da harajin Faransa sun isa su sa ƙauyuka su tsallako Katsina da Daura da Sakkwato da Barno.

Kada a ɗauka ƙuri'ar ta kawo adalci. Sarkin da aka ce ya kawo samari shi ke zaɓen wanda zai gabatar, ɗansa kuwa ba ya cikin layi. Ta wannan fuska, ƙauyen Gobir da ke ƙarƙashin Faransa da ƙauyen Akko da ke ƙarƙashin Ingila duka marar gata ne ke tafiya. Bambancin yana wani wuri. Wanda Faransa ta ɗiba yana da lamba, da ranar shiga, da ranar fita, da dokar da za a iya nunawa a ce ga ta, a yi gardama a kanta a majalisa, kamar yadda aka yi har aka soke aikin tilas ranar 11 ga Afrilu 1946 da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Wanda ɗiban gwamna ya kwashe kuwa sau da yawa adadi ne kawai a cikin wasiƙar hakimi. In ya mutu a hanya, babu ofishin da iyalinsa za su je su nemi haƙƙi, domin a hukumance babu wanda ya tilasta masa.

Da yaƙi ya zo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da Italiya ta mamaye Habasha a 1935, Sufeto-Janar George Giffard ya fara sake fasalin rundunar yadda za ta iya fita yaƙi a wajen Afirka ta Yamma. Da yaƙi ya tashi a 1939 aka mayar da ita ƙarƙashin Ma'aikatar Yaƙi. Faɗuwar Faransa a 1940 ta mayar da maƙwabta abin tsoro, sai ga rundunar da ba ta kai 5,000 ba ana so ta ninka kanta sau ashirin. Kafin 1945, 'yan Najeriya fiye da 100,000 sun sa kaki. Birged ɗin Najeriya ta yi tafiyar nan mai nisa daga Mogadishu zuwa Harar a 1941. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Bama yaƙi da Japan. Sunayen barikoki irin su Mogadishu a Abuja, da Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Dodan da Myohaung a Ikko, duk daga waɗannan fagage aka ɗauko su.

Da yawa sun shiga da son ransu, don albashi, ko don koyon tuƙi da kanikanci, ko don jin kiran da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, take yi a kan zaluncin Hitila. Sarakuna sun yi rangadi suna kira, Sarkin Katsina Usman Nagogo ma har ya je ya gaishe da sojojin a fagen Bama. Amma inda kira bai cika adadi ba, sarƙar nan ce ta cika shi. An yanka wa larduna kaso, kason ya gangara har ƙofar mai unguwa, wanda aka nuna kuma aka rubuta shi ɗan sa-kai. Dole ƙanwar naƙi.

A wuri ɗaya ne aka cire kunya aka kira abin da sunansa. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka ɗebi talakawa kimanin 100,000 daga lardunan Arewa, har da Lardin Bauchi, aka kai su ramukan kuza bisa dokar yaƙi. Mutanen da suka saba da zafin kwari suka sami kansu cikin sanyin tsauni, ba isasshen abinci, ba mayafi, ba wurin kwana na kirki. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka gudu, gonaki suka kwana ba noma. Sai da maganar ta kai majalisar dokokin Ingila kafin a dakatar. Ba a ƙirƙiro wani sabon ofishi domin wannan ɗiba ba; malaman haraji da hakimai da dagatan da aka tsara tun shekarun 1920 su ne suka yi ta.

Abin da aka gada

Rundunar ta koma hannun gwamnatin Najeriya a 1958. A shekarar ne aka fara raba guraben kurata bisa kaso: rabi ga Arewa, rubu'i ga Gabas, rubu'i ga Yamma, a 1961 kuma Ministan Tsaro Muhammadu Ribaɗu ya faɗaɗa tsarin ya haɗa da hafsoshi. Wannan ƙoƙari ne na gyara karkatar da Turawa suka bari, inda masu riƙe bindiga suka fito daga wani sashe, masu riƙe alƙalami da sana'o'in soja kuma daga wani. Yadda wannan karkata ta shiga cikin rikicin 1966 sananne ne. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 217, ya wajabta cewa hafsoshi da sauran sojoji su kasance sun wakilci dukkan sassan tarayya. Sashe na 220 kuma ya ba Majalisar Tarayya damar yin dokar horon soja ko aikin soja na dole. Har yau ba ta yi ba. Abin da ya fi kusa da haka shi ne hidimar ƙasa ta shekara ɗaya da aka kafa a 1973, ita ma ga masu digiri da babbar difloma kawai.

Ke nan Najeriya ba ta taɓa yin dokar tilasta aikin soja a zaman lafiya ba, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai tarihin shekarun 1919 zuwa 1939 yana gargaɗi cewa rashin doka ba ya nufin rashin tilas. Tun da rikicin Boko Haram ya taɓa Nafada da Ashaka a 2014, ya kai ga birnin Gombe a Fabrairun 2015, al'ummomin Arewa maso Gabas suka ƙara dogara da 'yan banga da maharba da 'yan sa-kai, waɗanda sau da yawa ta hannun masu unguwanni da hakimai ake tattara su. Suna tsaye a gaba, amma ba dukansu ne ke da lamba ko albashi tsayayye ko tanadin abin da za a ba iyali idan an rasa rai ba. Duk lokacin da aka sake tayar da maganar faɗaɗa ɗaukar soja, ko kafa rundunonin tsaro na jihohi, ko mayar da hidimar ƙasa ta zama ta soja, takardar za ta bi ta teburin ma'aikata da mataimakan 'yan majalisa a Abuja. Tambayoyin da ya kamata su fara nema a cikinta su ne waɗanda ba a yi wa ɗan dakon Nafada ba: wa zai zaɓi wanda zai tafi, a wane littafi za a rubuta sunansa, yaushe wa'adinsa zai ƙare, kuma wane ofishi ne matarsa za ta je idan bai dawo ba.